Gidan Tarihi da Masu Sana'ar Hannu a Zamanin Inji

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, gama su ne suka fi kowa sanin abin da ke cikin ƙasa, kuma gabansu ake fara kai labarin duk abin da aka tsinta a gona ko a rami. Maganar da ke cikinta ita ce ta gidajen ajiye kayan tarihi, da masu sana'ar hannu, da yadda injuna suka shiga tsakaninsu. Mutane da yawa suna tsammani tun da yake yanzu kusan kowane saurayi yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa, kuma inji yana saƙa turmi bisa turmi kafin masaƙi ya gama ƙwarya ɗaya ta sawaye, to, gidan tarihi da mai sana'a duk kwanansu ya ƙare. Wanda ya bi labarin abin da ya gudana a ƙasar nan tun daga zamanin haƙar kuza zai ga al'amarin ya fi haka zurfi.

Yadda ramin kuza ya haifi gidan tarihi

A cikin 1928 waɗansu leburori suna haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yanzu, sai suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Wani Bature mai hannu cikin kamfanin, Kanar Dent Young, ya kai shi ɗakin ajiya na ma'aikatar ma'adinai a Jos, aka ajiye, ba wanda ya ƙara bi ta kansa. Bayan shekara 15 wani akawun ma'aikatar kuza a wajen Jama'a ya sami wani kan, na mutum, wanda ya fi na fari girma da kyau. Shi dai bai ga wani amfaninsa ba sai na tsoratarwa, saboda haka ya kafa shi a gonarsa ta doya, ya shekara a nan yana shan rana da ruwa. Daga bisani kan ya kai hannun Mista Bernard Fagg, wani ƙaramin jami'in mulki wanda ya yi karatun tone-tonen kayan mutanen dā a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Da ya gwada shi da na 1928 sai ya gane aikin al'umma ɗaya ne. Daga nan ya dinga bin ramukan kuza yana roƙon leburori da iyayen gidansu kada su yar da irin waɗannan abubuwa. Abin da ya taru ta wannan hanya shi ne tushen gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a cikin 1952.

Abin lura a nan shi ne, haƙar da ta fito da kayan Nok ita ce kuma ta farfasa su. Mai neman kuza yakan saki ruwa ya wanke ƙasa, duk abin da ke ciki ya gangara ya cuɗe, na sama da na ƙasa. Kai yakan fito lafiya wani lokaci, amma ya rabu da makwancinsa, ba a san me ke gefensa ba, balle a san shekarunsa.

Wata na'ura ce kuma ta warware wannan. Wajen 1949 wani masani a Amurka, Willard Libby, ya fito da hanyar auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Itace da ciyawa da dabba duk suna ɗaukar wani irin sinadari daga iska da abinci muddin suna raye. Ran da suka mutu ɗauka ta tsaya, abin da ke jikinsu ya shiga raguwa a hankali, rabinsa yana tafiya cikin kowace shekara 5,730. In aka auna saura, sai a san tun yaushe abin ya mutu. Amma fa ba a auna yumɓu da wannan hanya. Gawayi ake aunawa, ko ƙashi, ko ƙonanniyar ƙwayar hatsi, wanda aka samu kwance tare da yumɓun a wuri guda. Watau ɗan gawayin nan da mai tono yake turewa da ƙafa, shi ne shaidar da na'ura take bukata.

Da irin wannan awo aka gane matoyan tama da Mista Fagg ya tona a Taruga cikin shekarun 1960 sun kai wajen shekara 2,500. Tun daga 2005 masana na Jami'ar Farankfot ta Jamus, tare da ma'aikatan Nijeriya, suka ƙara zurfafa bincike. Suka nuna mutanen Nok sun fara zama a wurin tun wajen shekara 3,500 da suka wuce, suna noman gero da wake. A cikin 2021 har aka bayyana an sami alamar kakin zuma maƙale a jikin tsingaron tukwanensu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, ga shi kuwa an sami wadda ta fi kowace tsufa a wannan sashe, a jikin tsingaron da yaro ba zai sunkuya ya ɗauka ba.

Abin baƙin ciki, waɗannan masana sun tarar yawancin wuraren da suka je 'yan tono sun riga su. Tun cikin shekarun 1990 dillalai suke bin ƙauyuka suna biyan samari kuɗi kaɗan su haƙe kufai, a kwashi kawuna a kai Turai, inda ake sayar da su da tsada. A cikin 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Kan da aka sace ta wannan hanya yana iya zama kyakkyawa a cikin gilashi a birnin Faris, amma bebe ne, ba shi da labarin da zai bayar.

A gwada wannan da abin da ya faru a Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe. A cikin 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya domin shanunsa, da ya kai zurfin wajen ƙafa 16 sai ya bugi itace. Bai fasa ya yi makamashi da shi ba, bai kuwa ɓoye ba, labari ya bi hanya har ya kai ga hukuma. A cikin 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka fito da shi gaba ɗaya: kwalekwale ne sassaƙaƙƙe, tsawonsa ya fi ƙafa 27, awo ya nuna ya kai wajen shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka wanda ya girme shi. Bambancin Dufuna da kufan da aka wawashe shi ne, a Dufuna an bar abu a makwancinsa, an kai magana gaba.

Masu sana'a da injuna

Sa'ad da matafiyin nan Heinrich Barth ya iso Kano a cikin 1851, ya tarar arzikin birnin yana bisa saƙa da rini. Tufafin da aka rina a karofin Kano da garuruwan kewaye suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. A cikin 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari, ba ruwansa da ganyen baba. A cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, yadin Turai ya yi arha. A cikin 1957 aka buɗe babbar masaƙa a Kaduna. Kwanon tasa ya ture ƙwarya daga jeren amare, roba kuma ta zo ta ture kwano da tulu baki ɗaya. Shi ma injin bai tsira ba, gama farkon shekarun 2000 yawancin masaƙun Kaduna sun rufe, yadin Sin ya ci kasuwarsu. Jeren kwanonin nan da ya kori ƙwarya, yau shi kansa ya zama abin da za a nema a ajiye a gidan tarihi.

Babu amfanin kuka a kan wannan duka. Matar da ta sami bokitin roba mara nauyi, wanda ba ya fashewa in ya faɗi, ba ta yi laifi ba da ta ajiye tulu. Amma akwai asarar da ya kamata a kira ta da sunanta. Da tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka yi yawa, maƙera suka daina narka tama, suka koma sayen ƙarfe a kasuwa. Gidan tarihi yana iya nuna zuga-zugi, da kashin tama, da ɓaraguzan matoya. Sanin wane dutse ne ke da ƙarfe, da yawan gawayin da za a zuba, da launin harshen wuta da ke nuna aiki ya nuna, wannan duk a cikin kan tsofaffi yake, ya kuwa bi su kabari. Abin da al'ummar ƙasar nan ta riƙe shekara 2,500 ya kuɓuce cikin zamanin mutum ɗaya.

Labarin Ladi Kwali ya nuna wata hanya dabam. Bagwariya ce daga Kwali, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wurin danginta, ba da komai ba sai hannu da ɗan kara. Tana zana kunama da ƙadangare da kada da kifi da tsuntsu a jikin randa. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, mai idon gane gwani, ya tara aikinta a fadarsa, a nan kuwa Mista Michael Cardew ya fara ganinsa. Wannan Bature shi ne gwamnati ta sa ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, watau Suleja, a farkon shekarun 1950. Ladi ta shiga a cikin 1954, ita ce mace ta fari. Ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, da gashi cikin tanderu mai tsananin zafi, da shafa ruwan da ke narkewa a wuta ya zama santsi kamar tangaran. Duk da haka ba ta bar ginin hannu da zanen gidansu ba, sai ta haɗa biyun. Ta je Ingila da Jamus da Amurka tana gini gaban taron mutane, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a cikin 1977, ta rasu a cikin 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Sai dai akwai wani abu a nan da ba a cika faɗa ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsatsafowa, iska ta bi ta kwashe zafi. Randar da aka gasa ta zama tangaran ba ta tsatsafo, ga ta kuma da nauyi, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Randunan Ladi na tanderu sun tashi daga gindin bango sun koma kan tebur, abin kallo. Sabuwar dabara ta ɗaukaka sunan mai aiki, ta kuma sauya wa aikin ma'ana. Duk mai niyyar taimakon masu sana'a da kayan zamani ya kamata ya san da wannan tun da wuri. In ba don sarkin da ya fara tara aikinta ba, da wuya a ji sunanta bayan iyakar ƙasar Gwari, wannan kuwa aiki ne da kowane hakimi yake iyawa gwargwadon ƙarfinsa.

Wajen gini ma haka. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, da tubali da azara aka ɗaure bakunansa. Wani masanin gini daga ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginen Nijeriya yana zana su a takarda. Da wannan awo aka gina kwatankwacin masallacin a filin gidan tarihi na Jos. Takarda ta ba da tsawo da faɗi, amma magina na gargajiya aka kira suka kwaɓa ƙasa suka ɗaura baka, gama zane ba ya ɗaura azara. Ginin ƙasa kuwa kullum yana bukatar yaɓe da gyaran indararo. A watan Agusta na 2023 wani sashe na rufin masallacin na Zariya ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. Tsohon gini in ya rasa maginin da ya san halinsa, hatsari ne ga mutane, ba asarar tarihi kaɗai ba.

Saboda haka ne gidan tarihi na Yamai, a Jamhuriyar Nijar, wanda aka kafa a cikin 1959, ya ware wuri a cikin harabarsa domin maƙeran fari da dukawa da masaƙa su zauna su yi aiki su sayar, baƙo yana kallo. Tsari ne mai kyau. Yaron da ya ga tsohuwar jakar fata a gilashi, sa'an nan ya fito ya tarar da baduku yana ɗinka irinta, ya sami karatu biyu.

Zamanin kwamfuta

Na'urorin yanzu sun kawo alheri wanda ba a musunsa. Kayan tagulla da na hauren giwa da sojan Ingila suka kwashe daga fadar Binin a cikin 1897 sun watsu cikin duniya, har ba wanda ya san adadinsu. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda ya tara hotuna da bayanin abubuwa 5,246 da ke gidajen ajiya 131 cikin ƙasashe 20. A wannan shekara kuma Jamus ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu. Mai neman hakkinsa in ya san abin da aka ɗauka da inda yake, ƙararsa ta yi ƙarfi.

Hoto kuma garkuwa ne ga ranar masifa. A cikin 2013 aka ƙone dubban littattafan hannu a Tambutu, a cikin 2018 gobara ta cinye babban gidan tarihi na Barazil da yawancin abin da ke ciki. Abin da aka riga aka ɗauki hotonsa, ko ba komai, ana iya karanta shi. Gidajen malamai a ƙasar nan cike suke da gafakoki, gara da ɗigon damina suna cin su sannu a hankali. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a cikin 1970, da sassan jami'o'i, suna da masu sanin wannan aiki, kuma ɗaukar hoton littafi ba ya raba shi da mai shi.

Amma kama da wane ba ta wane. Hoto ba ya faɗin nauyin takobi, ba a kankare tsingaro a hoto a sami kakin zuma. Kuma ajiyar na'ura ba ta da tsawon rai irin na takarda. Gidaje nawa ne ke da kaset ɗin wa'azi ko na waƙa, amma babu rikodar da za ta juya shi? Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ta tafi da abin da ke cikinta. Alhali wasiƙun sarakuna da aka rubuta da tawada kafin zuwan Turawa har yanzu ana karanta su.

Tun wajen 2022 kuma aka sami na'urar da ake ce wa ƙirƙirarriyar basira, wadda mutum zai ce mata ta zana masa abu, nan take ta zana. Ba daga kanta take ƙaga siffa ba. Hotuna masu ɗimbin yawa aka tara mata tare da bayanin da aka rubuta a gefensu, daga nan take koyo. In bayanin gurgu ne, zanenta ma sai ya gurgunce: ta naɗa wa hakimin Katsina rawanin wata ƙasa, ta sa wa doki kayan da ba a taɓa gani a hawan salla ba, yara kuwa su ɗauka haka kakanninsu suke. Wanda zai ce wannan aska takwas ce, waccan aska biyu, wannan aikin hannu ne, wancan na keke, shi ne maɗinkin da ya yi shekaru da allura, da gidan tarihin da ya ajiye rigar gaske da sunan garin da aka ɗinka ta. Yawan jabu ƙara wa na ainihi daraja yake yi, muddin akwai mai shaidarsa.

Abin da ya rataya a wuyan hakimi da malaminsa

Tun 1953 akwai dokar kare kayan tarihi a Nijeriya. Doka ta 77 ta 1979 ta maye gurbinta, ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Bisa ga wannan doka ba a tona kufai domin neman kayan dā sai da izini, ba a fita da su ƙasar waje sai da takardar hukumar, kuma ba kowa aka yarda ya yi cinikinsu ba. Wanda ya tsinci wani abu yana noma ko haƙa, wajibi ne ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Talaka bai san wannan ba sai an gaya masa, kuma tsoro yakan sa ya ɓoye. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su ji daga bakin hakimi cewa mai kawo labari ba mai laifi ba ne.

Waɗansu sukan ƙyamaci abu mai siffar mutum, su ce gunki ne, su fasa. Ya kamata a fahimtar da su da lalama cewa gidan tarihi ba ɗakin tsafi ba ne, ba a yi wa komai yanka ko sujada a ciki. Ganin abin da mutanen da suka shuɗe suka bari, ga mai hankali, wa'azi ne.

In labari ya zo, abu na fari shi ne a tsai da haƙa, a sa mai gadi. Kada a wanke abin, kada a kankare shi, kada a share gawayi da tsingaro da ƙasusuwan da ke kewaye. Malamin hakimi ya je da kansa ya rubuta rana da wata da shekara, da sunan ƙauye da na gona, da zurfin ramin da ƙafa, da abin da ke sama da wanda ke ƙasa. In da waya, a ɗauki hoto tun abin yana kwance, a ajiye wani abu sananne a gefensa domin a gane girmansa, amma kada a watsa hoton a Facebook ko WhatsApp kafin hukuma ta iso, gama dillalai ma suna da waya.

Haka kuma yana da kyau kowace gunduma ta buɗe littafi na masu sana'a. Ba adadinsu kaɗai ba, kamar yadda ake yi a littafin haraji zamanin En'e. A rubuta wa ya koya wa wane, da sunayen kayan aiki yadda masu sana'ar ke kiransu, da inda ake ɗebo yumɓu ko jar ƙasa, da itacen da ake ƙonawa domin toka ko gawayi, da watan da ake kowane aiki. Inda tsoho ɗaya ya rage mai sanin wani aiki, a fara da shi, a ɗauki muryarsa da hoton hannunsa yana aiki, da yardarsa. Sa'an nan a kwafe maganarsa a takarda da tawada, kwafi biyu, ɗaya ya zauna a ofishin hakimi, ɗaya a aika fadar sarki.